Abin da Na Koyo a Caina Ba Rawa Ba Ne

Har yau ban yafe wa matar da ta leƙo ta kan katanga ta ɗauke ni a waya ba. Na san ta, ta san na san ta, kuma ba zan rubuta sunanta ba don kada ta samu abin tinƙaho. Ita ce ta watsa ni daga Getso har Kabo, wai Tabawa ta je Caina da tsufanta ta dawo da rawa. Ba rawa ba ce. Sunan abin taici, motsa jiki ne da ake yi a hankali, kamar mai tafiya a cikin ruwa.

Tun da na dawo ba ni da sakat. A gidan suna a tare ni, a wajen markaɗe a tare ni: yaya Caina, me suke ci, da gaske kin yi rawa? Bakina ya gaji. Madam Rahila, wadda ta koya min riƙe biro a ajin manya na Kabo ina da shekara arba'in da ɗoriya, ita ta ce, "Tabawa, ba don ado muka koya miki rubutu ba. Rubuta musu, su bar ki ki sha ruwa." To ga shi na rubuta. Wadda ba ta iya karatu ba ta nemi mai karanta mata, ko ta zo aji, benci bai cika ba.

Da gwiwa zan fara, don ita ce tushen maganar. Gonata tana ƙetaren wani kwazazzabo a bayan gari. Marigayi maigidana ne ya bar min ita, na dasa mangwaro a gefenta, kuma da rani ni nake kai musu ruwa a bokiti. Sau biyu na faɗi a kwazazzabon nan. Na farko na karkaɗe zanina na tashi, ban gaya wa kowa ba. Na biyu sai a amalanke aka kawo ni gida. Ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa amma zan faɗi halinsa, ya zo daga Kano ya tsaya a kaina.

"Inna, ba za mu jira ta uku ba. An gyara miki ɗaki a gidana, ga fanka ga talabijin."

"Awakina fa? Su ma talabijin za su kalla?"

"A sayar. Gonar a ba da noma."

Muna cikin wannan ja-in-ja sai autata Abu ta haihu a Gwanzu, can Caina, inda mijinta yake harkar takalma. Haihuwar fari ce. Da a kusa take ita za ta zo gida wanka, da yake duniya ta shiga tsakani sai ni na je. Ɗan farin nan ya ce, "Ki je ki dawo, sai mu ƙarasa magana." Na ce magana ta ƙare. Shi ya san ba ta ƙare ba, ni ma na sani.

Motar da na shiga a tashar Gwarzo ta ɗauki rabin safiya kafin ta cika, sannan a Garo direba ya tsaya wai zai ɗora buhunan albasa. Na ce, "Malam, jirgi zan hau, ba ya jiran albasa." Ya ce, "Hajiya, jirgin Makka ne?" Na ce na Caina. Duk motar ta juyo tana kallona. Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah, mutane suna gabas ke kin zarce." Na ce Wanda ya kai ni can ya san hanyar Makka. Madam Rahila kuwa tun safe tana bakin titi a Kabo tana jirana. Ta miƙo min rigar sanyi da ƙaramin littafin rubutu ta taga, ta ce, "Ki gaishe min da masu ƙera mana tocila, ki ce musu ba ta kai wata."

Jirgi ba abin tsoro ba ne, abin gundura ne. An ɗaure ni a kujera kamar tunkiyar layya. Abin da ya ba ni tsoro a ƙasar Habasha yake, inda muka sauka muka canza jirgi: matakala mai tafiya da kanta. Kowa yana takawa yana wucewa. Ni ma na jefa ƙafa yadda na saba jefa ta, sai ƙafa ta tafi ta bar ni. Wata 'yar kasuwa Bakanuwa ce ta cafke ni ta baya, ta ce, "Baba, a hankali!" Na ce na gode, amma a raina na ce saura ƙiris ta ukun ta same ni a ƙasar mutane.

A Gwanzu da hannuna na cike takardar shiga, harafi bayan harafi, ma'aikacin yana jira ina ƙin yin sauri, karo ɗaya ke nan a rayuwata. Sai aka zo kan kaya. Wani ɗan kare mai dogon kunne ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Aka buɗe. Kilishin da na kawo wa mijin Abu suka ɗauke. Ganyen darbejiyar da na shanya don wankan jego suka ɗauke, na yi faɗa da Hausa, suka saurare ni da ladabi, suka ɗauke dai. Kanwa ce ta tara min jama'a. Suka sa safar hannu suna jujjuya ta, suna kiran na gaba da su. Na ga abin zai yi tsawo, na gutsura na sa a baki, na shafa cikina. Daga nan wata budurwa a cikinsu ta kwance ƙullin daddawa. Ta ja da baya taku biyu, ta ɗaure da sauri, ta yi min hannu in wuce. Daddawa ce ta fitar da ni.

Gidan su Abu a hawa na goma sha huɗu yake. Ba tsakar gida, ba zaure, ba inda za ka zuba ruwa. Ka shiga akwatin da ke hawa da mutane, ku tsaya kafaɗa da kafaɗa, ba mai cewa ina kwana. Kwana uku ina gaishe su da gajiya da iyali, suna kallon lambobi. Abinci kuwa, shinkafa fara fat ba mai ba gishiri, ganye an nuna masa wuta kawai an sauke. Tsinkayen da suke ci da su ban ko gwada ba, Allah ya ba ni hannu. Sai wani shagon Musulminsu da mijin Abu ya kai ni, inda wani mai farar hula yake jan taliya da hannu tana tsawo kamar igiyar guga. Wannan kam na ci na ƙara. Abu ɗaya na yaba musu ba tare da gardama ba: ba sa shan ruwan sanyi. Kowane tsoho da gorar ruwan zafinsa.

A ƙofar da ke kallon tamu akwai wata tsohuwa 'yar firit, ta girme ni da shekara goma ko fiye. Sunanta ya ƙi zama a bakina, kuma kullum da maficin ninkewa a hannunta, sai na sa mata Mai Mafici. Ta shigo barka da tulun shayin citta da jan dabino, daidai na fito da Abu daga wanka, tururi yana tashi a jikinta. Tsohuwar nan ta dafe kai ta hau surutu. Abu, da take ɗan jin yarensu, ta ce, "Inna, wai su mai jego wata guda take yi ba ta taɓa wanka ba." Na ce, "Gaya mata mu kwana arba'in muke yi, safe da yamma, da tafasasshen ruwa." Ta ɗauke ni mahaukaciya, na ɗauke ta ƙazama. Amma da ta ga na rufe taga na miƙa wa Abu kunun kanwa da zafinsa, sai ta gyaɗa kai. A kan iska da sanyi bakinmu ɗaya.

Matsalata ita ce zama. In na gama wankan safe, na gasa wa jariri cibiya, shi ke nan aiki ya ƙare. Ba daka, ba shara, ba akuya. Daga taga zuwa ƙofa taku tara ne, na ƙirga ya fi sau ɗari. Abu ta ce, "Inna, don Allah ki zauna, kina sa ni jiri." A tagar nan na hango su a filin ƙasa, tsofaffi kusan ashirin, suna ɗaga hannu tare suna saukewa tare, kamar an sa musu nauyi. Mai Mafici ce a gaba. Ina kallo ta ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya a kan ɗaya, ta daɗe, ko rawa jikinta bai yi ba. Ni kuwa ko daga sujada sai na dafa bango nake tashi.

Washegari na tasa mijin Abu a gaba muka sauka. Na ce, "Tambaye ta, wa suke bauta wa da wannan abin?" Ya ce, "Haba Inna." Na ce, "Tambaye ta." Ya tambaya yana sunkuyar da kai. Ta yi dariya har da tari, ta bubbuga gwiwarta da mafici, ta nuna ƙirjinta. Ya ce, "Wai ba kowa. Gwiwa ce da numfashi, don kada tsoho ya faɗi." Da na ji kalmar faɗuwa ban ƙara tambaya ba. Na shiga layin baya cikin mata, da zanina da hijabina har ƙasa.

Ban taɓa yin abin da ya ci min rai kamar taici ba. Ni da na tashi a kan turmi, wadda ta riga gamawa ita ce mace. Su suna kan ɗaga hannu na farko, ni na gama na uku ina jiran su. Mai Mafici ta zo ta ɗan doke ni a wuyan hannu, ta ja numfashi mai tsawo, ta nuna min in bi ta. In bi ta taku biyu, sai hankalina ya tafi Getso: an ba awaki dusa kuwa, mangwaron nan wa ya kula da su. Kafin in farga na sake wuce kowa. Ta kawo min wani wando mai santsi irin nasu, ta nuna ƙafafuna. Na ce ko a mafarki, ga maza a wurin. Ta mayar da abinta. Kullum sai ta gyara min hannu, ta gyara min kafaɗa, ta ɗaga min haɓa. Abin da ke ƙarƙashin hijabi kuwa ni kaɗai na san shi. Na ga suna ɗan lanƙwasa gwiwa, sai na ce ni zan fi su, na riƙa durƙusawa ƙasa sosai ina cije baki.

Kwana goma gwiwar dama ta kumbura kamar kabewa. Abu ba ta iya riƙe magana ba, ta kira yayanta ta waya mai hoto, ta juya masa ƙafata.

"Inna, me ya kai ki?" in ji shi. "Jego aka ce ki je ki yi, ko wasan tsofaffin Caina?"

"Magani nake nema."

"Ga maganin nan na gani. Daga filin jirgi gidana za ki wuce, ba sai kin je Getso ba. Za a kwaso miki kayanki."

Na ce Abu ta kashe wayar. Ranar ko tuwon da na tuƙa da garin masararsu ban ci ba.

Kwana uku ban sauka ba, sai ga Mai Mafici ta ƙwanƙwasa. Ta dubi gwiwar, ta dubi mijin Abu, ta nuna masa ƙofa da mafici. Ya fita sumsum. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta ce in cire hijabi in tattare zani zuwa gwiwa in yi mata abin da nake yi a fili. Na yi taku ɗaya. Ta buga wa goshinta mafici ta yi wata doguwar magana. Abu ta fashe da dariya har jariri ya farka.

"Me ta ce?"

"Wai kwana goma tana koyar da labule. Ba ta taɓa ganin ƙafarki ba."

Ashe yatsuna suna kallon waje, gwiwata tana faɗawa ciki, kuma nauyina nake jefawa gaba tun ƙafa ba ta sauka ba. Laifin nawa ne da nata: ni na ƙi nunawa, ita ta ƙi matsawa. Ta kama gwiwar da hannu biyu ta daidaita ta a kan yatsu. Ta nuna min da nata: dunduniya ta fara sauka ba nauyi, ta taɓa ƙasa ta ji ta, sannan jiki ya biyo. Na gane da kai, ƙafa ta ƙi ganewa. Da kumburin ya saɓe ta riƙa shigowa kullum, mu rufe ƙofa, in tattare zani. Mako guda muna abu ɗaya, ina tsaki tana tsaki.

Ranar da abin ya faɗa ba darasi muke yi ba. Na'urar ruwan zafin banɗaki ce ta lalace, na dafa ruwan wanka a kicin. Hannuna ɗaya da tawul da sabulu, sai na naɗe ɗankwali na yi gammo, na ɗora bokitin a ka, na nufi banɗaki. Mai Mafici tana zaune tana wasa da jariri. Sai na ji ta ƙwalla ƙara. Na tsaya cak, na zaci wani abu ya samu yaron. Ta taso tana nuna ƙafafuna, tana nuna bayana, tana magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

Abu ta ce, "Wai shi ke nan! Wai abin da take ta fama ta koya miki ke nan. Wai wa ya koya miki?"

Na ce, "Rijiyar gidanmu, ina 'yar shekara bakwai."

Na sake takawa ina lura da kaina. Gaskiyarta. Da ruwa a ka bayana a miƙe yake, idona yana gaba, ƙafa tana lalubar ƙasa kafin in ba ta nauyi, kuma ba na sauri, don mai sauri da ruwa a jiƙe take isa gida. A tsaye a wurin, da bokiti a kaina, wani abu ya faɗo min wanda ban taɓa haɗawa ba. Faɗuwata biyu a kwazazzabo, duk a hanyar dawowa ne. Na juye wa mangwaro ruwa, bokiti ba komai yana lilo a hannu, ina sauri in je in ɗora tukunya. Ban taɓa faɗuwa da kaya a ka ba.

Daga ranar darasina ya zama ɗaya: in yi tafiya ba kaya kamar da kaya. Ta sa in yi taku goma da bokiti, in sauke, in yi goma ba shi. Na farkon sauƙi, na biyun azaba. Da na koma fili ta sa na nuna wa tsofaffin. Wata mai jan baki ta ce ita ma za ta gwada, ta ɗora kwanon ruwa ba gammo, ta yi wanka a tsaye. Ranar na ji dariyarsu, ashe suna da ita.

Kada in yi muku ƙarya. Motsin da suke yi ya fi ashirin, biyar na iya, na biyar ɗin ma da gyara. Har na taho maficin nan bai daina sauka a wuyan hannuna ba. Gwiwa ba ta koma ta budurwa ba. Amma ranar da Abu ta yi arba'in na tashi daga sujada na miƙe, sai da na ɗaga hannu na tuna ban dafa bango ba. Da zan taho Mai Mafici ta ba ni maficinta, ni kuma na naɗa mata gammo da sabon ɗankwali. Ta ɗora a ka ta raka ni har bakin mota a haka.

A filin jirgin Kano ɗan farin nan yana jirana. Na ce sai na je na ga awakina na yi sallama da mutane, ya ce mako biyu. Na koma Getso na tarar mangwaro uku sun bushe. Kullum da safe in shiga bayan ɗaki, in tattare zani, in yi motsina biyar. A nan mai leƙen katanga ta same ni. Kafin mako ya zagayo hoton ya isa wayar matar ɗan farin nan.

Ranar Juma'a da la'asar ya iso da mota da buhunan zuba kaya.

"Inna, da faɗuwa kawai nake tsoro, yanzu har da bakin mutane. Abokaina suna turo min."

"Ka ce musu su turo wa iyayensu, ko sa tashi daga tabarma."

"Ba wasa nake ba. Gobe da safe za mu tafi."

"Ni ma ba wasa nake ba. Tsoronka in faɗi, ko tsoronka a yi dariya? Zaɓi ɗaya."

Sai ya ce, "In faɗi gaskiya, ranar da na gan ki a amalanken nan ban yi barci ba." Wannan ta shige ni, don na san ba ƙarya yake ba. Ina kallo ya sa akwatina a bayan mota.

Da gari ya waye na idar da salla, na ja ruwa na cika bokiti, na naɗa gammo. Ban bi ta bayan gida ba, ta ƙofar gida na fita, ta gaban mai leƙen katanga, na gaishe ta da kwana da gajiya. Na ji takunsa a bayana, yana "Inna, Inna," da takalminsa mai ƙyalli. A bakin kwazazzabo ya tsaya. Na gangara, na haura, na juye wa ɗaya daga cikin mangwaron da suka rage ruwan.

Ya ɗaga murya daga can, "To na gani, kin iya. Tsaya in zo in riƙe ki."

"Ba ka ga komai ba. Tsaya inda kake. Dawowar ce ba na iyawa."

Na sauke gammo, na riƙe bokitin a hannu, ba komai a ciki. Gangaren yana nan yadda na bar shi, da ɓurɓushin tsakuwar da ta kwashe ni sau biyu. Zuciyata tana cewa yi maza ki wuce wurin, akuya tana kuka, ba a hura wuta ba. Na ƙyale ta. Na miƙe bayana kamar ruwan yana kaina. Na sauke dunduniya, na ji tsakuwa ta motsa, na jira ta zauna, sannan na ba ta nauyi. Na sake. Na sake. Ban taɓa sanin kwazazzabon nan yana da faɗi haka ba.

Da na hauro na same shi ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ƙafa ɗaya a gangare, bakinsa a buɗe. Na miƙa masa bokitin.

"Je ka sauke min akwatina, sannan ka ciko wannan. Saura bishiya huɗu. Kuma in ka zo gangaren nan, dunduniya tukuna. Kada ka yi sauri."